Tankokina da Gammon Kakana

Ina ɗan shekara goma motar soja ta farko ta shigo hannuna, a 1977. Wani yayana, ɗan wan babana, yana aikin boyi a gidan wani Bature malamin jami'a a Samaru. Da Baturen ya tashi komawa gida sai matarsa ta tattara tarkacen yaransu a kwali ta ba shi, shi kuma ya kinkimo har gidanmu a cikin birnin Zariya ya zube a tsakar gida, aka yi wasoso. Wani ya samu ƙwallo, ƙanwata ta samu 'yar tsana mai ido ɗaya. Ni abin da hannuna ya faɗa kai wani ɗan ƙarfe ne kore, tsawonsa bai wuce yatsa ba, da tayoyi shida da bakin bindiga a sama mai juyawa. Na kifa shi na ga rubutu a cikinsa: Saladin, da lamba 67, da sunan Lesney na Ingila.

Mu a lokacin motocinmu na kara ne da na langa-langa. Mu feƙe kara mu soke da tsinke, mu yanka tsohon silifa mu yi taya, wanda ya ƙware ya buɗe gwangwanin madara ya yi tifa har da wurin zuba yashi. Sai ga ni da mota wadda ba ta karyewa, mai nauyi a tafin hannu, mai sanyi in ka ɗora ta a kumatu. Kwana uku ban yarda kowa ya taɓa ba. Da ita nake kwana a aljihu, har ta huda mini wando na sha duka.

Mutum na farko da na kai wa ita don kaina shi ne kakana, domin duk unguwa an san tsohon soja ne, ya je yaƙin Boma, ƙasar da yau ake kira Myanmar, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kullum yana zaure yana tufka igiya, wuyansa a sandare, in zai dube ka sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Ya karɓa ya auna nauyinta a hannu, ya murza tayoyin da babban yatsa.

"Kai ja'iri, wannan ai ta manya ce," in ji shi. "Inda muka shiga, ko jaki sai an lallashe shi."

Na ce, "To Baba Tsoho, Japanawa nawa ka harbe?"

"Ban harbi kowa ba."

"To me ka yi a can?"

Ya miƙo mini motata ya ɗauki igiyarsa. "Tafiya," ya ce.

Amsar nan ta ba ni haushi ƙwarai. A bayan layinmu akwai wani tsohon sojan, shi in ya fara ba da labari sai an kira sallah ake tashi: yadda ya kashe bakwai da harsashi ɗaya, yadda Bature ya sara masa. Nawa kakan kuwa wai tafiya. A raina na yanke cewa ko dai kuku ya yi wa Turawa, ko kuma tsoro ya ji ya ɓuya. A makaranta sai na gyara masa tarihi, na ce wa yara shi ne direban irin wannan motar, ga ma samfurinta an ba shi kyauta. Ƙarya ce mai ƙafa ɗaya, don sai bayan yaƙin da shekaru aka fara ƙera Saladin a Coventry, amma wa ya sani a aji huɗu?

Karatu ya same ni a sakandaren kwana, kuma ba ta ƙofar da malamai suke so ya shigo ba. Littattafan James Hadley Chase ne ke yawo a ɗakin kwananmu, duk an naɗe bangonsu da tsohuwar jarida saboda hotunan matan da ke jiki. Littafi ɗaya sai a raba shi gida uku, kana karanta tsakiya wani na jiran ka gama ya ba ka farko. Da tocila a cikin bargo na koyi Turancin da ya ci mini jarrabawa. Sai da na girma na ji cewa mutumin nan ɗan Ingila ne, Amurkar da yake ba mu labarinta kamar a can aka yanke masa cibiya, akasari da taswira da ƙamus ya san ta. Abin bai rage masa daraja a idona ba, sai ma na ƙara jinjina masa, don ni ma haka na yi da kakana.

Daga shi na koma kan Frederick Forsyth. Shi salonsa daban, ba ya gaggawa. Zai ɗauki shafi goma yana nuna maka yadda ake samo fasfo na jabu, ko yadda ake loda makamai a jirgin ruwa da takardun ƙarya, har ka ji kamar kai ma gobe za ka iya. Wani kawuna da ya yi yaƙin basasa a ɓangaren tarayya ya ga sunan a bangon littafi ya tsuke fuska, ya ce ai wannan ɗan jaridar Ojukwu ne, a Biyafara ya zauna yana rubuta musu. Gaskiya ya faɗa. Shi ne kuma ya ɗauki 'yar Saladin ɗita ya ce da irinta da wata motar sulke mai suna Ferret suka shiga garuruwa tsakanin 1967 da 1970, kuma mutum uku ne a ciki, zafi kamar tanda. Shi ya fara gaya mini cewa sunan Salahuddin al-Ayyubi ne Turawa suka lanƙwasa suka sa wa motar.

Labaran leƙen asiri suka tura ni ga tarihin yaƙi na gaske, don in san wanne ne ƙirƙira wanne ne ya faru. Nan fa na nutse. Na haddace El Alamein ta 1942, Rommel da Montgomery a saharar Masar. Na haddace Stalingrad, na haddace Kursk ta Yulin 1943 inda tankokin Jamus da na Rasha suka yi karon da har yau ake musu a kan adadinsu. Ina iya gaya maka cewa tankar Tiger ta Jamus da ake ta zuzutawa ba a ƙera ko 1,400 ba, alhali Amurka ta zubo tankar Sherman kusan 50,000, kuma a majalisa na sha kafa hujja da wannan cewa masana'anta ce ke cin yaƙi ba jarumta ba. Abokai suka laƙaba mini Janar. Lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1991, sa'ad da ake ta raɗa wa jarirai suna Saddam, teburin mai shayinmu a Kaduna ba ya watsewa sai na zo na bambance musu makamai masu linzami na Scud da Patriot da murfin kwalba da cokali.

Zuwana na ƙarshe wurin Baba Tsoho, a 1988, abin da na yi masa ke nan. Na zauna a zaure ina ɗan shekara ashirin da ɗaya ina koya wa wanda ya je yaƙi yadda yaƙi yake. Na ba shi labarin Stalingrad tun daga farko, da sanyi da yunwa da yadda aka yi wa rundunar Jamus zobe. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "A can ma akwai matsattsaku?" Na ce ban ga an rubuta ba. Ya ce, "To sun huta. Mu da wutar taba muke cire su, in ka fizge kan ya zauna a ciki ya ruɓe." Na yi dariya na ɗauka zolaya ce irin ta kaka da jika. Bayan wata huɗu ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Da na fara ɗaukar albashi sai tarin ya zama na gaske. Kantunan da ke sayar da irin waɗannan sababbi sun riga sun mutu, su ma masu ƙera su haka: masana'antar Dinky ta Liverpool ta rufe a 1979, Lesney mai Matchbox ta karye a 1982. Saura gwanjo. Kayan wasan yara na zuwa ne a buhu, a cakuɗe da hannun 'yar tsana da ƙafar doki da jirgin da ba fiffike, a zazzage su a kan leda a ƙasa. Na tsuguna a Sabon Gari na Kano da kasuwannin Kaduna ina tona kamar kaza, mata masu saya wa 'ya'yansu suna kallona. Ba na buƙatar karanta rubutu kafin in gane ta ainihi. Nauyi ke faɗa, da sanyin ƙarfen zubi, da yadda fenti ke gogewa a kusurwa ya bar fari-fari. Ta roba ko an yi mata ado ba ta da wannan. Har 'yan gwanjon suka gane ni, wani in ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Malam, sojojinka sun iso!" Da farko kuɗin alewa nake ba su. Da suka ga idona na ƙyalli sai farashi ya tashi, na koyi ɗaukar wadda nake so tare da tarkace biyar ina yatsina fuska.

Kula da su ma aiki ne. Hunturu na fasa tayoyin roba, ƙura na shiga ko'ina. Tsohon buroshin haƙori nake bi da su, in ɗiga man keken ɗinki a gindin taya da tsinken ashana. In sarƙar tanka ta tsinke, wani mai faci ne ke yanko mini siririn zobe daga tsohon tub ɗin keke, in ɗaura ya zauna daram. Fenti kam ban taɓa sakewa ba. Duk ƙwarzanen da ke jikin mota wani yaro ne ya yi shi a wani gari da ba zan taɓa zuwa ba, ban ga dalilin shafe shi ba. Kuma motoci kawai nake tarawa, ban da 'yan sojojin roba masu fuska, don kada a yi ta ja-in-ja da ni a kan ajiye mutum-mutumi a ɗaki.

Da na yi aure a 1994 na sayi kabad mai gilashi na jera su, Ingila a sama, Jamus da Rasha a tsakiya suna fuskantar juna, Amurka a ƙasa. Uwargida ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, ashe kai ma da jerenka ka zo. Ni da aka kawo ban yi wannan ba." Har yau in baƙi suka shigo haka take cewa, ku zo ku ga kayan ɗakin maigida. Ba ta taɓa hana ni ba, sai dai in wata ya yi nisa ta gan ni da ƙunshin leda, takan tambaya ko tankar nan za ta dafu.

Babban rashin da na yi, tankar Centurion ce ta Dinky, mai lamba 651, wadda na fi shekara shida ina nema. Ɗana na biyu yana ɗan shekara bakwai ya ji ɗan gwangwan na kira a waje, ya ga yara na kai tsofaffin tukwane ana ba su kuɗi. Ya buɗe kabad ya zaɓi wadda ta fi nauyi, don ya lura a kan sikeli ake biya. Ya dawo da alewa biyu har ya rage mini ɗaya. Na bi unguwa uku a kan babur ina tambayar masu kura, na je har inda suke zube kaya na ga tsaunin ƙarfe ya fi gidanmu tsawo, na juyo. Ban dake shi ba. Na tuna wandon da na huda.

A 2011 Gwaggo, autar su babana, ta aiko in zo. Tana rabon 'yan kayanta tun tana da rai, kamar yadda tsofaffi kan yi in sun fara jin jiki. Ta jawo wata 'yar jaka ta fata daga ƙarƙashin gado ta ce, "Ungo, kai ne mai son kayan soja. Na Baba ne." A ciki akwai lamba ta tagulla mai tsini shida, da ƙyalle ja a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Wannan na san ta daga littafi, ita ce Tauraron Boma. Sai kuma wani ɗan ƙyalle rawaya da ya koɗe, irin wanda ake ɗinkawa a kafaɗar kaki, da masu biyu a gicciye sun ratsa ta cikin wani zobe. Na juya shi na juya, na fara yi mata bayani irin nawa na Janar, na ce wannan zoben wataƙila garkuwa ce.

Gwaggo ta karɓa ta matso da shi kusa da ido. "Wace irin garkuwa? Kai ɗan boko. Gammo ne."

Ta ce ai dako ya yi. Tun daga ranar da suka shiga daji har suka fito kaya ne a kansa, akwatin harsashi, buhun shinkafa, wani lokaci guntun igwa da aka kwance, wani lokaci mutum a kan makara su huɗu. Makaminsa adda. Ta ce tsakiyar kansa gashi bai sake fitowa ba, shi ya sa ko a ɗaka ba ya cire hula, kuma wuyan nan da muke kwaikwayo muna dariya daga can ya zo da shi. Ta faɗi wannan duka tana ƙulla goro a bakin zane, kamar abin da kowa ya sani. Kowa kuwa ya sani, ni kaɗai ne ban tambaya ba.

Na koma Kaduna na tsaya gaban littattafaina. Sun fi ɗari biyu a lokacin, kuma da ƙyar na samu uku da suka ambaci Boma, su ma a 'yan shafuka. Ba banza su kansu Turawan da suka yi yaƙi a can suke kiran rundunarsu ta 14 wadda aka manta da ita ba. To in an manta da Bature, ina ga wanda ya ɗauko masa harsashi? Sai da na sa aka nemo mini wasu littattafan daga waje, na kuma shiga intanet, sannan na haɗa labarin. Runduna biyu aka kwasa daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, mutanen Najeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya, kuma a bataliyoyin Najeriya Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai sun koya. Tambarin ta 81 gizo-gizo ne baƙi. Na ta 82 shi ne wannan da ke hannuna, masu biyu da gammo. 'Yan ta 82 sun shiga yankin Arakan na Boma a ƙarshen 1944, suka gangara kwarin Kalapanzin, a Janairun 1945 su da ta 81 suka karɓe Myohaung, suka ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu.

Da na ga sunayen nan sai jikina ya yi sanyi. Shekara ashirin ina wuce barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, ina jin Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, ga Chindit a Zariyarmu, ban taɓa tambayar kaina daga ina sunayen suka zo ba. Na san sunan ƙauyukan da ke kewaye da Kursk, ban san cewa allon da nake gani ta tagar tasi sunan kogin da kakana ya bi da kaya a ka ba ne.

Dalilin da ya sa Ingila ta so su ma shi ne kan nasu. Tsaunukan Arakan daji ne mai duhu da kwazazzabai da ruwan sama, babu hanyar mota. Tankoki sun yi aiki a bakin teku da inda ƙasa ta kwanta, amma can cikin tsaunuka jirgin Dakota ne ke jefo kaya da lema, daga nan kuma sai wuyan mutum. Rundunar da ke da 'yan dako tana iya ɓullowa ta inda Japanawa ba su zata ba. Wato abin da na yi shekaru ina faɗa a teburin mai shayi, cewa kayan aiki ke cin yaƙi, ban yi kuskure ba. Abin da ban sani ba shi ne a fagen da ya shafe ni, motar dakon tana zaune a zaurenmu tana tufka igiya, ni kuwa ina yi mata lacca a kan Stalingrad.

Ban daina tarawa ba, kada a ce na tuba. Ko a shekarun da shingayen sojoji suka cika hanya na sha dawowa da ƙunshina. Wata rana a hanyar Kano wani ɗan saurayin soja ya buɗe jakata ya ga tankoki huɗu a naɗe cikin tsumma, ya dube ni ya dubi furfurata ya ce, "Baba, juyin mulki za ka yi?" Muka yi dariya har na bayanmu suka fara hon. Ya ɗauki wata 'yar jif ya riƙe ta ɗan jima, ya ce yana da yaro a gida wata takwas bai gan shi ba. Na ce ya riƙe. Littattafan leƙen asirin ma ina karantawa, sai dai yanzu in jarumin ya tsallaka daji shi kaɗai a shafi biyu, nakan tsaya in ce to wa ya ɗauko masa ruwa?

Na yi neman abin da zan sa a kabad a madadin Baba Tsoho. Na duba jerin duk abin da Dinky da Matchbox da Corgi suka ƙera na soja, akwai motar asibiti, akwai ta girki, akwai mai ɗaukar tanka, babu ɗan dako. Rannan na yanko tsohon ƙyallen kaki na zauna zan naɗa ɗan ƙaramin gammo, ya ƙi zama, ina saki yana warwarewa. Uwargida ta gaji da kallo ta ce, "Kawo nan, Janar. Wanda bai taɓa ɗaukar tulu ba ina zai iya." Ta murɗa shi a yatsa biyu ta soke bakin, cikin ƙiftawar ido ya zauna, bai fi zoben hannu ba. Na ajiye shi a layin sama, kusa da Saladin mai lamba 67, lambar tagullar da ƙyallen rawaya a bayansa.

Makon jiya jikana, ɗan wancan da ya sayar mini da Centurion, ya manna hanci a gilashi yana ƙirga su. Ya kai kan gammon ya tsaya.

"Kaka, wannan tayar wace mota ce?"

Na buɗe kabad na ɗauko, na ɗora masa a tsakiyar kai, na ɗora akwatin ashana a sama. Na ce ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo kada ya faɗi.